Kaji Sun Samu Bene, Ni Ina Jira

Dikko magini, na unguwar gabas a Nasarawa Burkullu, kai ka mayar da ni abin nuni a garin nan, kuma yau sai duniya ta ji. Karima, rubuta sunanshi da kyau, kada ki rage mishi ko ɗigo. In kin gama ki watsa wa masu karatun nan naki duka, na Gummi da na Anka da duk inda waya ke kaiwa. Kuma yadda na faɗa za ki rubuta, ban ce ki sa mini zuma ba.

Ni ce Zinatu mai daddawa. Na aurar da ɗiya, na goyi jikoki, haƙorina ɗaya na gaba ya riga ni tafiya. Ban taɓa zama aji ba, amma in anka wulaƙanta ni ina ganewa, ba sai an karanta mini ba.

Sau uku ina miƙe ƙafa gaban Karimar nan, don ita ce mai ƙunshin unguwarmu. Ta shafe ni da lalle ta naɗe da leda, in wuni zaune kamar wadda anka yi wa ɗori, ƙuda na yawo a hancina ba damar tashi. Duk a kan mi? A kan Dikko ya ce Juma'a mai zuwa za a ɗaura. Ku 'yan mata ba za ku gane ba. Yarinya ta yi lalle sai a ce ado ne. Irina ta yi shi, garin duka ya san an sa rana. Na farko da ya kama ya yi ja wur, mata na zuwa sayen daddawa idonsu na ƙasa.

"Inna Zinatu, ba ni ƙulli biyu. Kai! Wagga ƙafa haka, yaushe za mu sha biki?"

Na biyu sunka rage murya. Na uku kuwa wata mara kunya ta dube ni ta ce, "Inna, wanga na Sallah ne ko dai na Dikko ne kuma?" Na ba ta daddawarta na ce ta gaishe da uwarta.

Bari in faɗa muku yadda anka fara, kada ku ce ni na bi shi. Bayan rasuwar maigidana, Allah ya jiƙanshi, Dikko ya riƙa zuwa gidana neman makuba, ɓawon ɗorawar nan da nake tarawa in na cire kalwa, wanda magina ke jiƙawa su yi yaɓe da shi don kada ruwa ya ci gini. Yau ya zo da jaki, jibi ya zo da buhu, gata ya zo hannu sake ya ce ya zo dubawa ne ko ta taru. Makubar da mutumin nan ya kwasa daga gidana ta isa a shafe Bukkuyum duka har da tasha. Ran nan sai ga shi da yamma cikin farar shadda mai aiki a wuya, hula ta zauna daidai, turare kamar an fasa kwalba, amma laka na nan maƙale a farcenshi. Ya zauna a zaure yana juya 'yar rediyonshi, ya yi tari, ya ce:

"Zinatu, ni fa ba makuba ke kawo ni ba."

Na ce, "Na sani, Malam. Jakinka ma ya sani."

Ya rufe baki da hannu yana dariya. Haka yake dariya, kamar wanda ya sato ta. To daga ranar na shiga uku. Ina son shi. Karima, daina wannan murmushin ki rubuta. Ina son shi, da tsawonshi kamar gwangwala, da zumar da yake kawo mini a kwalbar lemo, da yadda yake cewa miyar da ba daddawata a ciki ruwan zafi ce. Tsufa ba ya hana zuciya rawa, gwiwa kawai yake hanawa.

Magana ɗaya ta tsaya. Ya ce ba zai kai ni gidanshi ba sai ya gyara ɗakin da zan zauna. Na ce madalla, magini ne, kwana nawa abin zai ɗauka? Ashe na faɗa rijiya.

Wayata ƙarama ce, kuma a gidana sabis ba ya sauka sai na hau turmi jikin katanga na ɗaga hannu sama. Haka zan hau, ni mai jikoki, zanena a cije, in danna saƙon murya in kanga a kunne:

"Salamu alaikum, Zinatu. An tashi lafiya? Batun nan namu, wallahi yana raina. Juma'ar nan dai ta zo a ƙure. Amma gobe-goben nan zan sa hannu a ɗakin."

Da kaka ya ce a bari a kai hatsi gida. Anka kai, ya ce ƙasa ba ta gama bushewa ba. Ta bushe, ya ce azumi ya matso, mai azumi ba ya kwaɓa laka. Anka yi Sallah, jakin da ke ɗebo mishi ƙasa ya yi targaɗe. Ni har addu'a na yi wa jakin nan. Kuma abin da ke ƙona mini rai, Dikko ba rago ba ne. Ka kira shi yau ka ce rumbunka ya tsage, gobe kafin hantsi yana kai. Rabin rumbunan da ke tsaye daga nan har hanyar Gummi hannunshi ne. Ɗakina kaɗai ne ya gagare shi.

Da zan iya jira, da na jira. Amma akwai na Gusau. Babban ɗana ke nan, yana aiki can, kuma kun san ba zan faɗi sunanshi ba. Tun bara yake matsa mini in koma wurinshi, wai zaman ƙauye yanzu ba tabbas, wai ni kaɗai ce a gida. Na taɓa zuwa. Gida ne mai tayil, ka taka ka zame, ba turmi, ba murhu, ba maƙwabciyar da za ta leƙo ta katanga ta ce an wuni. Na zauna ina kallon bango, bango na kallona. Da na ce zan dafa kalwa a bayan gida, surukata ta kusa suma.

Jiya Laraba na hau turmi na ji muryarshi:

"Inna, na gaji da kwana da fargaba. Damina ta matso, in ruwa ya sauka mota ba ta iya shiga hanyar nan. Asabar direba zai zo. Ki haɗa abin da za ki haɗa. Tukwanen daddawa ki bar su nan, don Allah."

Na kusa faɗowa daga turmin.

Za ku ce don mi ban gaya mishi akwai mai nemana ba. Ɗan fari ne fa. Yaron da ko ido ba na haɗawa da shi, in buɗe baki in ce mishi wani na zuwa zance wurina? Gara ƙasa ta tsage. Shi ya sa tun farkon maganar na samu Yaya Lirwanu, yayana uwa ɗaya uba ɗaya, wanda shi ne waliyyina, na ce shi ya sanar da yaron. Ya buga ƙirji ya ce, "Bar mini wannan, Zinatu." Don haka a lissafina yaro ya ji, ya jira, ya ga ba aure ba dalilinshi, ya ce gara ya ɗauke uwarshi. Na ruga gidan Yaya da saƙon. Ya saurara, ya taɓe baki.

"In an ɗaura kafin Asabar ba mai ɗaga ki. Amma wancan mai goben naki? In ya isa namiji ya zo ya same ni. Ni mutum mai ja-in-ja da lokaci ba na ganin girmanshi."

Ku riƙe wannan maganar tashi.

Yau Alhamis da hantsi na yi wanka, na ɗaura koriyar atamfata mai zanen ganye, na zizara kwalli, na zura hijabi ruwan toka, na nufi unguwar gabas. Na san bazawara ba ta zuwa gidan mai nemanta. Na san masu zaman gindin darbejiya sun bi ni da ido har na sha kwana. Su kalla, ba su za a sa a mota ba.

Ban taɓa shiga gidan ba sai yau. Jama'a, na yi sallama na tsaya baki buɗe. Zaure ya sha yaɓe yana ƙyalli. Tsakar gida daɓe sumul, ka zubar da fura ka lashe. Rumbuna uku reras, ga mutum ɗaya da hatsinshi bai cika ɗaya ba. Awaki na da rumfa mai dakali. Sai akurkin kaji. Wallahi hawa biyu ne, da 'yar taga, da matakala, an yi mishi zane a goshi kamar gidan mai unguwa. Wani zakara ya leƙo ta sama ya dube ni kamar na zo neman haya.

Can gefen gabas kuwa ga ɗaki ɗaya, yaɓenshi ya zube, yanar gizo ta rufe taga, ƙofar ta yi tsatsa, da ƙaton kwado a jiki.

Dikko na tsugune yana kwaɓa laka. Ya ɗago ya gan ni, cokalin gini ya faɗi daga hannunshi.

"Zinatu! Lafiya? Wa ya rasu?"

"Haƙurina. Mi kake ginawa?"

Ya sosa ƙeya. "Wurin kwanciyar agwagi ne. Na ga suna..."

"Kana da agwagi?"

"Ina shirin saye."

Na jawo turminshi na kifa na zauna. "Wanne ne ɗakin nawa?"

Bai nuna da hannu ba. Da haɓa ya nuna, idonshi na wani wuri. Ɗakin mai kwado. Ɗakin Saude ne, matarshi da ta rasu damina huɗu da sunka wuce. Na san ta, mace mai sanyin magana, ta sha sayen daddawata.

Na ce, "Asabar mota za ta zo ta kai ni Gusau. In na tafi, na tafi. Ka auri zakaran."

"Subhanallahi! Asabar wagga? To ai gobe da sassafe..."

"Malam Dikko, in ka sake ce mini gobe, sai na zauna cikin lakar nan na yi ta kururuwa har unguwa ta taru. Ina mabuɗi?"

"Mabuɗin... an daɗe ba a gan shi ba."

"Mi ke ƙara a aljihunka?"

Ya zaro shi a hankali. Yana ɗaure da zare, ya sha shafa har ya yi fari tas. Mabuɗin da ya ɓace ba ya irin wannan ƙyallin. Kullum yana jikinshi.

"Bari in ba awaki ruwa tukuna."

"Sun sha, ga bahonsu cike."

"Azahar ta kusa."

"Ladan ko inuwa bai duba ba."

"Zinatu, aikin ɗakin nan ba na yini ɗaya ba ne. Sai an sauke rufi, a canja azara, a sake daɓe, a nemo..."

"Wa ya ce ka gyara? Ni ban ce ka gyara ba. Ban ce ka share ba, ban ce ka shiga ba. Sa mabuɗi a kwado ka murɗa. Shi ke nan abin da na zo gani. In ka yi, in tashi in tafi, ka koma wa agwaginka."

Ya dube ni ya ga ba wasa. Ya taka kamar mai tafiya kan ƙaya, ya zura mabuɗin. Ya murɗa, ya ƙi. Sai na ga fuskarshi ta washe.

"Kin gani? Tsatsa. Sai na je kasuwa na samo mai."

Na kwance bakin zanena na zaro ɗan gwangwanin man kaɗen da nake shafa wa faso. "Ga mai."

Wata maƙwabciya da ta laɓe bayan katanga ta kasa riƙe dariya. Na ce, "Leƙo da kyau, baiwar Allah, kada wuyanki ya ƙage."

Ya shafa, ya murɗa. Ƙas! Kwado ya buɗe. Ya tsaya riƙe da shi a hannu, gumi na zuba ta gemunshi. Da kanshi ya sa kafaɗa ya tura ƙofar.

Ban shiga ba, ba ɗakina ba ne tukuna. Daga bakin ƙofa na leƙa. Ƙura ce ko'ina, da gidajen zanzaro a bango. Gadon ƙarfe na nan da zanen rufa a ninke. Jeren samira da fanteka na nan yadda ta bar su. Ga wani faifai da ta fara saƙa ba ta gama ba, basilla na soke a jiki. A tsakar ɗaki kuwa ga wata 'yar langa shuɗiya a ƙasa, daɓen gefenta ya zaizaye, wani siririn hasken rana ya sauko daga rufin kwano ya faɗa cikinta daidai.

Dikko ya durƙusa gaban langar. Da ya yi magana ba ni yake kallo ba.

"Daminar da za ta rasu ta ce mini, Malam, ɗakin nan na yoyo. Na ce bari in gama rumbun da ke hannuna in hau. Ta kawo wagga ta tara. Kullum in ana ruwa ina jin ɗis, ɗis, ina cewa gobe. Ba ta sake yi mini maganar ba. Ranar da anka kai ta na rufe ɗakin, na ce in an yi bakwai in buɗe. Bakwai ta wuce na ce arba'in. Daga nan sai kunya ta shigo. Duk watan da ya ƙaru sai in ce yanzu kam azara ta rufta, gara ta cinye mata kaya, da wane ido zan gani? Ɗiyarmu da ke aure Anka ta roƙe ni har ta gaji."

Na ce, "Su kuma kaji?"

Ya share ido da bakin riga. "Ba safiyar da ba na ɗauko mabuɗin nan. Ina isowa bakin ƙofa sai idona ya faɗa kan wani abin da ke son gyara. In na gama shi na gaji, sai in kwanta ina jin kamar na yi aiki."

To kun ji. Ni ina can ina hawa turmi ina zargin ya raina ni, ko ya hango wata mai cikakkun haƙora. Ashe mutum ne ke gudun ƙofa ɗaya, ya gudu har ya gine gida duka. Zuciyata ta yi laushi, amma ban bari ta kai bakina ba.

"Allah ya jiƙan Saude, ya sa ta huta. Ɗaga kai ka dubi azarar da ta rufta."

Ya ɗaga. Azara lafiya lau. Gara ko kusa ba ta zo ba, don shi da kanshi ya yi ginin. Ya bi hasken nan da ido har sama, sai ya ce da wata irin murya:

"Ƙusa ce ta fita."

"Nawa?"

"Ɗaya."

"Ɗaya. Damina huɗu, rumbu uku, benen kaji, ƙunshina uku. Ƙusa ɗaya."

Ya fara dariyar nan tashi ta rufe baki, hawaye na zuba, har ya zauna daɓas a ƙasa. Sannan ya ɗauki langar da hannu biyu ya fito da ita, ya wanke ta a bakin randa, ya kife a rana. Ya jingina tsani, ya hau da guduma da ɗan kwalta. Kafin in gama amsa gaisuwar maƙwabciyar nan, wadda yanzu ta fito fili har da tayin ruwa, na ji ƙwan, ƙwan, ƙwan. Hasken da ke cikin ɗaki ya ɗauke.

Daga kan tsanin ya zaro waya ya kira ɗiyarshi. Ina jin kukanta daga inda nake zaune. Ta ce motar farko za ta biyo ta kwashi kayan innarta. Ya sauko ya kama tsintsiya. Ya buɗe taga. Lakar agwagi ya kwasa ya fara toshe inda yaɓe ya zube. Mutumin da ya ce aikin ba na yini ɗaya ba ne, sai da na ce mishi an kira Azahar sannan ya ajiye cokali. Da ya dawo masallaci ya ci gaba, ni kuma na yi tawa sallar a gidan maƙwabciya, na dawo kan turmina.

Da La'asar ya tsaya gabana, laka har gwiwa, yanar gizo a hula.

"Saura mi?"

"Saura Yaya Lirwanu."

"To bari in watsa ruwa in sa shaddata, in ya so bayan Magariba, ko kuma da sa..." Ya tsaya da kanshi. Ya dube ni, ya dubi mabuɗin da ke hannunshi. "A'a. Haka zan tafi."

Karima, rubuta cewa a nan na ji kamar in yi guɗa a tsakar titi. Yana gaba ina baya da 'yar tazara, masu gindin darbejiya sunka miƙe tsaye don su gani da kyau. A hanya ya tsaya wurin mai goro ya ce a ware mishi na ɗaurin aure. Ya leƙa gidan liman ya ce gobe bayan an sauko Juma'a. Wannan goben kam na yarda da ita, don a gaban mutane ya faɗe ta.

Munka iso gidan Yaya. Ni na wuce ciki na laɓe bayan ƙofar zaure, ni da Iya matarshi. Yaya na kishingiɗe kan buzu yana jan carbi. Anka gaisa.

"Malam Lirwanu, na zo neman auren Zinatu. Gobe nake so a ɗaura."

Carbi ya tsaya.

"Gobe? Wace goben?"

"Wadda ke zuwa in an kwana."

Yaya ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya dubi rufi. "Ai Malam Dikko, aure ba abin gaggawa ba ne. Abu ne na shawara. A bari a yi shuka tukuna, hankali ya kwanta. Ko bayan babbar Sallah."

Na dafe ƙirji. Wannan fa shi ne mai cewa ba ya ganin girman mai ja-in-ja da lokaci.

Dikko ya ce, "Shawarar wa ta rage? Ita ta yarda, kai ne waliyyi, ɗanta kuma an sanar da shi tun bara. In don shi ne, ga waya nan, kira shi yanzu mu ji ta bakinshi."

"Yanzu? Ai yana wurin aiki."

"An tashi."

"Sabis ba kyau."

"Ga shi cike a tawa."

Yaya ya miƙe zumbur. "Zafin nan ya yi yawa. Bari in watsa ruwa in fito." Ya shigo ya wuce mu kamar bai gan mu ba, ya ajiye wayarshi a kan taga, ya suri bokiti ya faɗa makewayi ya ja ƙyaure.

Na juya na dubi Iya. Tana ta murza bakin zane.

"Iya, mi ke faruwa?"

"Ni fa ba ruwana, Zinatu."

"Iya!"

Ta rage murya. "Bai gaya mishi ba."

"Bai gaya wa wa ba?"

"Na Gusau. Tun ranar da kinka zo da maganar yake cewa zai kira. Ya ɗauki waya ya ajiye, wai yaron na da zafi, wai sai ya samo yadda zai jera maganar. Da anka daɗe kuma sai ya ce yanzu in ya faɗa, yaro zai ce don mi anka ɓoye mishi. Shekaranjiya da yaron ya kira ya ce zai turo mota, sai ya ce mishi to, Allah ya kawo shi lafiya."

Jama'a, kun ji? Ɗana bai san da wani Dikko a duniya ba. Yana can yana tausayin uwarshi na zaune ita kaɗai ba mai leƙa ta, ya tanadi ɗaki, ya sallami direba. Yaya ya ce mini to, ya ce mishi to, ya koma zaure yana zagin Dikko don kada a dubi nashi gefen. Da ya yi kiran nan tun bara, da yaron da kanshi ya zo ya tsaya kan maginin nan har ya buɗe ɗakin.

Shi ne na aika anka kira mini Karima da wayarta, na ce ta zauna nan ta rubuta tun abin na da zafi. Ga mu a tsakar gidan Yaya yanzu haka. Dikko na zaure, ya ce ko tabarma za a naɗe da shi a ciki ba zai tashi ba, wai ya san irin wannan wankan, ya yi shi shekara da shekaru. Mai goro ya aiko. Gabas ta yi baƙi, iska ta fara kaɗa ganyen darbejiya, ina jin ƙamshin ƙasa. Makewayi kuwa shiru, ko ɗigon ruwa ban ji ya zuba ba tun da ya shiga.

To ga wayarshi nan a kan taga ta kama ruri. Karima ta duba ta ce na Gusau ne. Ta katse. Ga ta ta sake.

Ni ba zan ɗauka ba, kun san ba zan iya ba. Iya ta ce ba ruwanta. Dikko ba shi da hurumi tukuna.

Yaya Lirwanu! Na san kana jina, ƙyauren nan na kara ne. Kai ka buga ƙirji ka ce in bar maka, to na bar maka, ga inda ka kai ni. Ko da sabulu a ido ka fito. Ka ɗauki wayar nan ka gaya wa yaron nan abin da ya kamata ya ji tun bara, sannan ka juyo ka dube ni, gaban Iya da gaban duk masu karatun nan, ka faɗa mini da bakinka: gobe aurena za ka ɗaura, ko kayana za ka ɗaure?